Alherin mutumin da ba ka sani ba: hannun Allah ne ko halin kirkin ɗan Adam?

Mai_Bege:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, ina kuma so in ji ta bakin waɗanda suka riga ni daɗewa cikin bangaskiya. Na lura cewa a lokacin ba da shaida a ikkilisiya, labarin da ya fi ratsa zukatan jama'a shi ne na mutumin da ba a sani ba, wanda ya bayyana daidai lokacin da dabara ta ƙare, ya yi alheri, ya tafi bai bar ko sunansa ba. Mai ba da shaidar yakan ce, “Allah ne ya aiko shi,” mu kuma mu amsa da amin. Ni kaina haka na gaskata. Amma muna da hujja a Littafi Mai Tsarki da za mu faɗi wannan magana kai tsaye, ko kuwa halin kirkin ɗan Adam ne muke laƙaba wa suna mai girma? In kuwa Allah ne, ya dace mu jingina dogararmu gare shi a kan irin waɗannan abubuwa?

Tsohon_Malami:
Salama gare ki 'yata. Hujja tana nan, kuma wadda ta fi fitowa fili a wurina ita ce ta 1 Sarakuna 17. Da rafin Kerit ya ƙafe saboda fari, Ubangiji ya ce wa Iliya ya tashi ya tafi Zarefat ta ƙasar Sidon, gama ya riga ya umarci wata gwauruwa a can ta ciyar da shi. To, ki duba abin da Iliya ya tarar. Ya iske matar a ƙofar gari tana tsince-tsincen itace, babu wata alama da ta nuna ta san an ba ta umarni. Abin da ta sani shi ne tana da ɗan gari a tukunya da ɗan mai a kwalba, za ta yi abincin ƙarshe ita da ɗanta, su ci, su jira mutuwa. A ganinta, baƙo ne mai ƙishirwa ya roƙe ta, ta yi shawara a zuciyarta, ta ba shi. A wurin Allah kuwa, umarninsa ne yake cika. Duka biyun gaskiya ne a lokaci guda, shi ya sa ban ga dalilin da zai sa ki zaɓi ɗaya tsakanin hannun Allah da halin kirkin mutum ba. Kada kuma ki manta cewa Sidon ita ce ƙasar Yezebel, matar da ta karkashe annabawan Ubangiji. Daga cikin mutanen maƙiyiyarsa aka fito masa da mai ciyar da shi.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Baba, kun faɗi abin da nake gani da idona a wurin aiki. An taɓa kwantar da wani tsoho a ɗakin da nake kula da shi, ba shi da kowa, ba mai zuwa dubiya, ba mai tambaya. A gadon da ke kusa da nasa akwai wata mata da ke jinyar mijinta. Cikin dare, idan mijin ya sami barci, sai ta taso ta jiƙa tsumma ta goge wa tsohon nan leɓɓansa da suka tsattsage, ta gyara masa matashi, ta kira ni mu juya shi tare don kada bayansa ya yi gyambo. Ba yarensu ɗaya ba, da hannu suke magana. Wata rana ya kama hannuna ya ce mini, tun da ya kwanta yake roƙon Allah abu guda, kada ya mutu kamar wanda aka manta da shi, kuma ga shi an amsa masa. Matar nan ba Kirista ba ce. Na faɗi wannan ne domin na san wasu za su yi tambaya a kai.

Mai_Juyayi:
Ku gafarce ni, ba na so in ɓata wa kowa farin ciki, amma dole in yi magana. Ƙanena ya yi haɗari a kan hanya da yamma, yana kwance a gefen titi da ransa, motoci suna wucewa, wasu ma sun tsaya suna kallo. Kafin a sami wanda zai ɗauke shi, jini ya riga ya zuba da yawa, ya cika kafin a isa asibiti. Yaro ne mai tsoron Allah, mai addu'a. In Allah ne yake aiko baƙo a daidai lokaci, me ya hana a aiko masa? Tun daga ranar, duk lokacin da wani ya miƙe ya ce Allah ya turo masa mai taimako, sai in ji kamar ana gaya mini cewa an zaɓi wasu an bar nawa. Ban bar bangaskiya ba, amma wannan irin shaida ba ta ƙarfafa ni.

Uwar_Marayu:
Ɗana Mai_Juyayi, Allah ya ba ka haƙuri, ya sanyaya zuciyarka da ta iyayenku. Ba ka ɓata wa kowa rai ba, kuma kana da ikon faɗin wannan a cikin 'yan'uwanka. Ni ma na binne nawa, na san yadda shaidar wani take iya zama wuƙa ga mai makoki. Ina yi maka addu'a a daren nan.

Fasto_Makiyayi:
Ɗan'uwa Mai_Juyayi, ina yi maka ta'aziyya, kuma ba zan ba ka amsar da Littafi Mai Tsarki bai bayar ba. Tambayarka tana cikin Littafin kansa. A Luka 4, Yesu da bakinsa ya ce akwai gwauraye da yawa a Isra'ila a zamanin wancan fari, amma ba a aiki Iliya wurin ko ɗayarsu ba sai ta Zarefat. Bai bayyana abin da ya sami sauran ba. A Ayyukan Manzanni 12, cikin babi guda, an kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku. Su biyun manzanni ne, su biyun Ubangiji yana ƙaunarsu, kuma babu ayar da ta ce bangaskiyar ɗaya ta fi ta ɗaya.

Wannan ya kawo ni ga kashi na biyu na tambayar Mai_Bege. A'a, bai dace mu kafa dogararmu a kan zuwan baƙo ba, domin ranar da bai zo ba, dogarar za ta rushe. Abokan Daniyel uku sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderun wuta, amma ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Hujjar da Bulus ya kawo a Romawa 8:32 cewa Allah yana tare da mu ita ce bai hana mu Ɗansa ba. A kan gicciye da tashin Almasihu dogararmu take tsaye. Alherin baƙo yana tuna mana da wannan ƙauna, ba shi ne yake tabbatar da ita ba. Game da waɗanda suka tsaya suna kallon ƙanenka kuwa, Yesu ya riga ya zana su a Luka 10, firist da Balawe da suka ga mutum rai a hannun Allah suka ratse ta wancan gefe. Bai kira abin da suka yi nufin Allah ba, ya kafa su ne a matsayin misalin abin da bai kamata a yi ba.

Mai_Nazari:
Ina so in koma kan abin da Ma'aikaciyar_Jinya ta ambata, cewa matar ba Kirista ba ce, domin na taɓa jin wani yana koyarwa cewa Allah ba ya aiki sai ta hannun nasa. Littafi Mai Tsarki bai goyi bayan wannan ba ko kaɗan. Jirgin da ke kai Bulus Roma ya farfashe da mutum 276 a ciki, dukansu suka kai gaci a tsibirin Malita. Mutanen tsibirin ba su taɓa jin bishara ba, har da maciji ya sari Bulus sai suka ce mai kisankai ne, da bai mutu ba kuma suka ce wani allah ne. Duk da wannan duhun kai, Luka ya rubuta cewa sun yi musu alheri irin wanda ba a saba gani ba, suka hura wuta saboda ruwan sama da sanyi, shugabansu Babiliyas kuma ya saukar da su kwana uku.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Ebed-melek Bahabashe a Irmiya 38. Manyan fadawan Yahuza, mutanen da suka san Shari'a, su ne suka jefa annabi cikin rijiyar da ba ruwa sai laka. Baƙon ƙasa mai aiki a fada shi ne ya je gaban sarki Zadakiya ya ce abin da aka yi mugunta ne. Da aka ba shi izini, bai ruga da igiya kawai ba. Ya fara shiga ɗakin ajiya ya kwaso tsummoki da tsofaffin tufafi, ya zura wa Irmiya, ya ce ya sa su a hammatarsa kafin ya ɗaura igiyar. Ya yi tunanin cewa mutumin da yunwa ta ramar, igiya za ta yanke masa fata in an ja shi. Duk sa'ad da na karanta wannan wuri, nakan ce irin wannan lura da ƙananan abubuwa daga wurin Uba take fitowa, kamar yadda Yakubu 1:17 ya ce kowace kyakkyawar baiwa daga sama take.

Ɗan_Mawaƙa:
Ni dai na gaskata cewa da yawa daga cikin waɗannan baƙi mala'iku ne. Ai Ibraniyawa 13:2 ta faɗa. Shi ya sa in ka juya don ka yi godiya sai ka nemi mutum ka rasa.

Tsohon_Malami:
Ɗana, sake karanta ayar a hankali. Ba ta magana a kan baƙon da ya taimake ka, tana magana ne a kan baƙon da kai ka saukar. Umarni ne gare mu kada mu daina karɓar baƙi, domin ta haka waɗansu suka saukar da mala'iku ba da saninsu ba, kamar Ibrahim a Farawa 18 da Lutu a babi na 19. Ban musa cewa Allah yana iya aiko mala'ika ba. Abin da nake gudu shi ne mu mai da kowane mai alheri mala'ika, domin in muka yi haka mun tauye mutumin da ya bar abin da yake yi, ya kashe kuɗinsa, ya jefa kansa cikin haɗari. Mala'ika ba ya makara a wurin aiki saboda ya tsaya taimako, mutum kuwa yana makara, har ma a yi masa faɗa.

Ɗan_Mawaƙa:
Na gode Baba, na karanta, haka ayar take. Amma har yanzu ina ganin ba za mu iya rufe ƙofar gaba ɗaya ba.

Matafiyiya:
Abin da ba a taɓo ba tukuna shi ne wahalar karɓar alherin. Lokacin da na rasa aikina, ban gaya wa kowa a ikkilisiya ba saboda kunya. Ranar da aka sallame ni, na zauna a tashar mota na kasa tashi, hawaye suna zuba ba na iya tsayar da su. Wata dattijuwa da ke jiran mota ta matso ta zauna kusa da ni. Ba ta tambaye ni abin da ya faru ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Motarta ta zo, na gan ta ta dube ta, ta bar ta ta wuce. Da na ɗan natsu, ta miƙo mini hankici, ta ce, “'Yata, wanda ya riƙe ki har yau bai gaji ba.” Ta raka ni har bakin motar da zan shiga, ta biya mini kuɗin, na ƙi, ta ce kada in hana ta albarkarta. Ba ta ba ni aiki ba, matsalata tana nan yadda take. Amma a daren nan na iya buɗe baki na yi addu'a, abin da na daɗe ban iya ba, washegari kuma na sami ƙarfin gaya wa dattawan ikkilisiya halin da nake ciki. Ga masu ganin karɓa ƙasƙanci ne, ina tuna musu cewa Ubangijinmu ya roƙi mace Basamariya ruwan sha a bakin rijiya, wani baƙo ne ya ɗaukar masa gicciye, kuma a kabarin wani aka sa shi.

Mai_Nazari:
'Yar'uwa, shaidarki ta ƙarfafa ni ƙwarai. Gyara ɗaya kawai, Saminu Bakurane bai ɗauki gicciyen da son ransa ba, Markus 15:21 ya ce tilasta masa aka yi yana dawowa daga ƙauye. Sai dai Markus ya ambaci sunayen 'ya'yansa biyu, Iskandari da Rufas, abin da ya sa masana da yawa suke ganin masu karatu na farko sun san gidan a cikin ikkilisiya.

Dattijo_Mai_Hankali:
Ina jin daɗin wannan tattaunawa, amma a matsayina na wanda ake kawo wa ƙararraki, dole in ja kunne. Ba kowane baƙo mai fara'a ne aikakken Allah ba. Na ga gwauraye da aka raba da ɗan abin da mazajensu suka bari, ta hannun mutanen da suka fara da ƙaramin alheri da ambaton sunan Yesu. Mutanen Gibeyon sun zo wa Joshuwa da tsofaffin takalma da busasshen abinci, Isra'ilawa suka ruɗu domin ba su nemi shawarar Ubangiji ba. Alherin gaskiya ba ya biyo ka da bashi, ba ya neman ka ɓoye wa iyalinka, ba ya gaggauta ka sa hannu a takarda. Yesu da ya ce mu zama marasa ɓarna kamar kurciyoyi, shi ne ya ce mu yi wayo kamar macizai.

Malamar_Tarihi:
Dattijo ya yi gaskiya, kuma ikkilisiyar farko ta fuskanci wannan matsala ba tare da ta rufe ƙofa ba. Wani tsohon rubutun koyarwa da ake kira Didake ya ce a karɓi duk matafiyin da ya zo da sunan Ubangiji, a taimake shi gwargwadon iko, amma kada ya wuce kwana biyu ko uku, in kuma yana so ya zauna, ya yi sana'a ya ci. Sun yi iyaka, sun kuma ci gaba da karɓa. Wannan hali ya yi suna har a wurin maƙiya. A shekara ta 362, Yuliyan sarkin Roma, wanda ya bar Kiristanci ya koma bautar gumaka, ya rubuta wa babban firist na Galatiya yana kukan cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka, ya kuma umarta a gina masaukan baƙi don a yi gasa da su. A ƙarni na 6, ƙa'idar da Benedik ya tsara wa masu zaman zuhudu ta ce a karɓi kowane baƙo kamar Almasihu ne ya iso, tana dogara da Matiyu 25:35. Saboda haka mu da muke tambaya ko Allah yana aiko baƙi, akwai ƙarnuka da mu ne baƙin da mutane suke ba da labarin alherinsu.

Bawan_Almasihu:
Da izininku, mun ɗan yi nisa da tambayar farko. Mai_Bege ba ta tambayi yadda za mu karɓi baƙi ba, ta tambayi ko za mu iya cewa Allah ne ya aiko. Ni ina da ɗan saɓani da Fasto. Na yarda gicciye ne tushe, amma ina jin an rage wa waɗannan abubuwa daraja da aka ce tuni ne kawai. Littafin Rut ya ce ta yi sa'a ta faɗa gonar Bo'aza, mai karatu kuwa ya san ba sa'a ba ce, domin daga wannan haɗuwa aka sami Obida kakan Dawuda. Na'omi surukar Rut, wadda ta ce a kira ta Mara saboda ɗacin rai, ba wa'azi ne ya fara dawo mata da bege ba. Sha'ir ɗin da Rut ta kawo gida ne da labarin mutumin da ya ce wa ma'aikatansa su riƙa zare zangarniya da gangan suna bar mata. A nan ne ta fara cewa Ubangiji bai daina nuna alheri ba. Littafin koyarwar bangaskiya da ake kira Katekizim na Haidelbag, na shekarar 1563, ya koyar cewa babu abin da ke zuwa mana bisa tsautsayi, kome daga hannun Uba yake. In haka ne, raunananniyar bangaskiya tana da ikon kama abin da aka miƙo mata.

Fasto_Makiyayi:
Ɗan'uwa, ban ƙi maganarka ba, kuma misalin Na'omi ya dace. Sai dai ka lura cewa koyarwar da ka ambata ta haɗa shekarun albarka da na fari, lafiya da ciwo, wadata da talauci, duka a hannu ɗaya. Wanda zai riƙe ta ranar da baƙo ya tsaya, dole ya riƙe ta ranar da kowa ya wuce, kuma wannan ba abu ne mai sauƙi ba. Shi ya sa nake taka-tsantsan da ita a gaban mai makoki.

Mai_Juyayi:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, na gode, musamman Mama Uwar_Marayu. Akwai abin da ban faɗa ba da farko. Wanda a ƙarshe ya ɗauki ƙanena wani direba ne da bai san shi ba. Ya sauke kayan da ya ɗauko, ya shimfiɗa shi a kujerar baya, ya riƙa kiran sunan Allah a kunnensa a hanya, bayan ya cika kuma bai tafi ba sai da ya nemo lambarmu a wayar yaron, ya jira har muka iso. Kujerunsa duk sun ɓaci da jini, muka ba shi kuɗin wanki ya ƙi karɓa. Na daɗe ina jin haushin cewa ya zo a makare, har na kasa ganin cewa ya zo. Ban ce wannan ya amsa tambayata ba, domin har yanzu ina tambayar Allah dalilin da ya sa bai iso da wuri ba. Amma ƙanena bai mutu shi kaɗai a gefen titi ba, kuma mahaifiyarmu takan ambaci mutumin nan a addu'arta kullum.

Uwar_Marayu:
Allah ya saka wa wannan bawa nasa da alheri a duk inda yake. Ɗana, ci gaba da tambayar Allah, Ayuba ma ya tambaya, kuma a ƙarshe abokansa aka tsawata wa.

Mai_Bege:
Na gode muku duka. A kan kashi na farko na gamsu da bayanin Baba Tsohon_Malami, amma a kan na biyu har yanzu ina tsakanin Fasto da Bawan_Almasihu. Maganar Mai_Juyayi kuma ta haifar mini da wata tambaya, tun da ni ce nake shirya lokacin shaida a zumuntar matasa. Yaya mutum zai ba da labarin yadda Allah ya turo masa mai taimako, alhali a cikin masu sauraro akwai wanda ba a turo wa ba? Mu rage irin waɗannan shaidu ne, ko mu canza yadda ake faɗinsu?

Ma'aikaciyar_Jinya:
Kada ki rage su, mutane suna bukatarsu. Abin da zan roƙa shi ne a daina ƙara musu “domin na yi azumi” ko “domin ina ba da zakka,” gama wannan ƙarin ne yake sa wanda ya rasa nasa ya fara binciken laifin mamacinsa. Ki kuma ba masu makoki dama su yi magana a rana ɗaya da masu murna, ko da abin da za su faɗa bai ƙare da amsa ba.

Dattijo_Mai_Hankali:
Ban tabbata haɗa su a rana ɗaya zai yi wa mai sabon rashi daɗi ba, wani zai fi so a same shi a gida tukuna. Mai_Juyayi, kai da abin ya shafa, wanne ka ga ya fi?